Ƙasusuwan Bapa Dehen

A duk Tumbang Bakung babu wanda bai san taurin kan Indu Dehen ba, amma sai a kan maganar rafin mijinta aka gane ashe da can wasa take yi. Sunanta na ainihi Bungeh, sai dai tun da ta haifi ɗanta Dehen sunan ya ɓace, ta koma Indu Dehen, wato uwar Dehen, mijinta Tundan ya koma Bapa Dehen, baban Dehen, kamar yadda ake yi wa kowa.

Rafin ba na Allah da Annabi ba ne, Tundan ne ya haƙa shi da hannunsa tun yana ji da ƙarfi. Siriri ne, faɗinsa iya wucewar kwalekwale ɗaya, ya tashi daga bakin kogin Kahayan ya ratsa dausayi ya shige daji. Ta nan yake fito da katako da ƙaro. A zamanin kowane magidanci mai zuciya yana da irinsa, kuma wanda ya haƙa shi ne mai shi, ko tsinke ba a kafawa a ciki sai da yardarsa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa hanyar da ke fitar da katako tana fitar da ruwan dajin ma, rani da damina. Ƙasar wurin kuwa ba ƙasa ce ta gaske ba. Ganye ne da saiwa da ruɓaɓɓen itace da suka taru tun kaka da kakanni, suna kwance cikin ruwa. Muddin tana jiƙe, lafiya lau. In ta bushe ta zama itacen girki, ashana kawai take jira.

Ashanar kuwa ba ta taɓa yin wuya ba. Duk shekarar da rani ya yi tsawo sai daji ya kama, hayaƙi ya rufe gari, rana ta koma ja, yara su yi ta tari har a rufe makaranta. Jajayen birai da a da sai an yi tafiya mai nisa ake ganinsu, suka fara fitowa bayan gidaje suna satar abarba, ido ya yi zuru-zuru. Da abin ya ishi kowa, sai ga mutanen birni da dogayen takalmansu, suka zauna da dattawa, suka ce maganin ɗaya ne: a datse rafukan nan, ruwa ya koma inda yake, a sake dasa itatuwa. Sun kuma yi dogon bayani kan yadda hayaƙin Tumbang Bakung yake dumama duniya gaba ɗaya. Dattawa suka gyaɗa kai cikin ladabi. Su dai tarin jikokinsu ne ya dame su.

Ɗaya bayan ɗaya masu rafuka suka yarda. Matasa suka kafa turakun itacen galam layi biyu, suka cika tsakani da buhunan ƙasa, ruwa ya tsaya ya fara kumbura. Dehen ne ma shugaban masu aikin. Kafin a ankara, wuraren da suka yi baƙi ƙirin sun fara tsiro, kifi ya dawo, kwaɗi suka hana mutane sakat. Rafi ɗaya ya rage a buɗe a duk yankin, shi ne na uban shugaban masu datsewa, abin da ya sa Dehen ba ya iya ɗaga ido a taro.

Dalilin da ya sa Indu Dehen ta hana a datse shi ba ɓoyayye ba ne. Tundan ya rasu ne a shekarar babbar ambaliya, lokacin da makabartar gari take ƙarƙashin ruwa. Sai aka sa shi a kwalekwale aka hau da shi rafinsa, aka binne shi a gonarsa can ciki, inda ƙasa ta fi tudu. Kwanciyar aro ce, kamar ta kowane mamaci, kafin ranar tiwah, ranar da za a tono ƙasusuwansa a wanke, a shafa musu mai, a sa su a sandung, ɗan ɗakin katakon nan da ke kan dogayen ƙafafu a ƙofar gida. Sai a ranar ne ransa zai kama hanyar Lewu Tatau, garin da kakanni suke. Amma tiwah ba aikin gida ɗaya ba ne, sai gidaje sun haɗu sun shirya, kuma shirin Tumbang Bakung ba ya gaggawa. Tundan ya yi ta jira, ita ma tana jira, tana tuƙa kwalekwalenta ita kaɗai tana kai masa shinkafa da taba da labarin gari.

"Umai," in ji Dehen, don haka yake kiran uwarsa, wata rana da rana tsaka, tana zaune tana saƙar tabarma, "ruwan fa ba zai hau kan kabarin ba. An auna."

"Kan kabarin na ce maka? Ubanka a kai yake ko a ƙasa?"

"To ai ko ya jiƙe, ƙashi ne. Me ruwa zai yi wa ƙashi?"

Lihan, ƙanin marigayin, yana gefe yana gyaran koma. Shi dama bakinsa ba ya zama shiru in matar yayansa tana wuri. "Indu Dehen, yayana fa tun yana da rai ba ya tsoron ruwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsamo-tsamo cikin taɓo, yanzu da ya mutu ne zai kamu da mura?"

"Rufe min baki, tsohon banza. Kai ai ragwanci ya sa ka ba da naka rafin, don kifi ya riƙa zuwa har ƙofa ba ka jiƙa wando ba."

"Kuma kina ci."

"Ina ci mana. Kifin ne ya yi min laifi?"

Suka yi dariya, har da ita. Sannan ta ajiye saƙar, fuskarta ta canza. "Ku ba ku je makabarta ba a shekarar ambaliyar nan, ni na je. Na ga akwatin mutane yana yawo a bayan gidaje, kare yana binsa a gaɓa. Da aka sa mijina a rami na durƙusa na ce masa, Bapa Dehen, muddin ina numfashi ba za ka kwana cikin ruwa ba. Kuma in kun datse, wa zai riƙa ɗaga min jirgi a kan turakunku? Ku bari a ɗauke shi. Ranar da ya dawo gida ku toshe, ku zuba siminti ma in kun ga dama."

Rafin nata ne, gawar tata ce. Turakun da Dehen ya sara ya tara a bakin rafin suka sha damina, suka sake shan wata, har naman kaza ya fito musu.

A shekarar da gidaje suka tsayar da ranar tiwah, a shekarar rani ya ƙi ƙarewa. Wuta ta taso daga yamma. Da ta iso wuraren da aka datse sai ta yi ta lasar ciyawar sama tana mutuwa, don ƙasan a jiƙe yake. Amma da ta samu gefen rafin Tundan, inda ƙasa ta bushe har tana tsagewa, sai ta miƙe kamar an share mata hanya. Kowa ya ga haka, kowa ya faɗa a bayan idon Indu Dehen, ba wanda ya faɗa a gabanta.

Ita ta riga kowa isa gonar. Ta share ciyawa kewaye da kabarin, ta kwashe busassun ganye, ta tsaya da reshe a hannu tana bugun tartsatsi, hawaye da majina suna zuba saboda hayaƙi. Dehen da mutanensa suka iso da injin ruwa. Aka yi ta fama har wutar ta kewaye gonar ta wuce gaba. Itatuwan roba sun tafi, bukka ta tafi, amma kabarin yana nan da 'yar rumfarsa, ko ganyen rufin bai ƙone ba. Ta kalli ɗanta da jajayen idanu, cike da alfahari.

Shi bai yi murna ba. Ya ɗauko dogon bututun ƙarfen da suke cakawa a ƙasa su ɗura ruwa, domin wutar irin wannan ƙasa ba a sama take zama ba, nutsewa take yi ta yi ta ci a ɓoye. Ya nufi gefen kabarin da shi.

"Ina za ka da wannan?"

"Zan ɗan ɗura ruwa ne a kewaye, Umai. Ko da akwai wuta a ƙasa."

"Ka soki ubanka da ƙarfe, ka kuma cika masa ɗaki da ruwa? Ga kabari lafiya lau, ido bai nuna maka ba?"

"Ido ba ya ganin ƙasa."

"To hannuna yana gani." Ta dafa ƙasar da tafinta. "Sanyi ƙalau. Ɗauke min wannan abin daga nan tun ban saɓa maka ba."

Mutanensa suna kallo. Dehen ya tsaya da bututun a hannu, ruwa yana ɗiga a kan ƙafarsa. Da kabarin wani ne, da ya caka ya ba da haƙuri daga baya. Amma uwa ce a tsaye a gabansa, gashinta ya babbake ta gefe ɗaya. Ya juya ya tafi da bututunsa wani wuri.

Bayan haka ta ci gaba da zuwa, ko da yake ruwan rafin ya janye har sai ta bar jirgi a hanya ta ƙarasa da ƙafa. Takan zauna dab da kabarin ta miƙe ƙafafu, ta ba shi labari. An sayo ɓaunar da za a yanka ranar tiwah. Dehen ya gama sassaƙa sandung, ya yi masa tsuntsu a kan rufi, kuma ya bar wuri a ciki don ita. Lihan ya sake faɗawa kogi a buge. Ta ce masa ya ƙara haƙuri, saura kaɗan. Ko'ina warin ƙuna ne a lokacin, hanci ya riga ya saba.

Ranar tono, gari ya tashi da kugen tagulla. Kowane gida ya nufi inda mamacinsa yake, yawanci makabarta, su kuma suka hau rafi su huɗu: ita, da Dehen, da Lihan, da Bue Sangen, tsohon da ya san maganar da ake yi wa matattu. A tsakiyar jirgin ga ƙaramin akwatin ƙasusuwa, an shimfiɗa masa sabon ƙyalle. Ta sa rigarta ta biki, ta ɗaura sabon ɗankwali, har da 'yan kunnen da ta daina sawa tun rasuwarsa.

"Kai, kai, kai," in ji Lihan. "Wannan kwalliya haka? Yayana zai ce wace yarinya ce kuka kawo min, ina tsohuwata?"

"Zai gane ni. Kai ne dai zai tambaya me ya cinye maka haƙora."

"Shi yana da bakin magana? Bari mu ga nasa tukuna."

"Nasa cif suke. Ko ɗaya bai faɗi ba har ya koma." Ta gyara zaman ƙyallen. "Kuma ƙafarsa ta hagu ni zan ɗauko, kada wanda ya taɓa min. Inda gungume ya karya ta, ni na yi jinyarta, na san yadda ta haɗe."

Da suka isa, Bue Sangen ya watsa shinkafa, ya kira Tundan da sunansa, ya gaya masa cewa 'yan gida ne suka zo, kada ya firgita, lokacin komawa ya yi. Aka cire rumfar. Dehen ya kama shebur. Ƙasar sama ta zo da sauƙi, baƙa, mai ɗan danshi, saiwoyi suna tsinkewa. Indu Dehen tana durƙushe a baki ta riƙe ƙyalle a shirye.

Sai shebur ya shige gaba ɗaya har ƙota, ba tare da ya taɓa komai ba.

Wani zazzafan huci ya taso. Lihan ya fizgo Dehen baya, ƙasar da yake tsaye a kai ta rufta ciki, ƙura mai ruwan ja ta turnuƙe su. Suka yi ta tari. Da ta lafa suka leƙa. Babu akwati. Gungumen da aka fafe aka sa Tundan a ciki, wanda sai da ƙarti suka haɗu suka ɗaga shi, babu ko guntunsa. Rami ne kawai mai faɗi, cike da toka ja-ja da fari-fari, can gefe guda kuma wani siririn hayaƙi yana fita a hankali. Wutar ta biyo ta ƙarƙashi tun ranar, ta bar musu ɓawon sama, ta yi aikinta ba gaggawa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ƙyallen ta zura ƙafa cikin ramin.

"Umai, da zafi!"

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta durƙusa a cikin tokar da rigar bikinta, ta sa hannu biyu tana lalube. Tana neman ƙafar hagu. Tana neman kai, wannan babban kan da ba a taɓa samun hular da ta yi masa daidai ba. Yatsunta suka ci karo da wani abu fari mai ɗan tsawo, ta ɗago shi a hankali, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ya marmashe a hannunta kamar alli. Ta sake samun wani, shi ma haka. Duk wanda ta taɓa sai ya zama gari. Ƙarshe ta daina ɗagawa, ta zauna a kan dugaduganta, tafukanta sun yi ja saboda zafi.

"A nan nake zama," ta ce, ba da kowa take ba. "A nan, dab da kansa. Ina ba shi labarin ɓauna." Ta ɗaga ido ta dubi ɗanta. "Yana cin wuta ke nan ina zaune a kai?"

Dehen ya kawar da kai. Ta sake tambayarsa.

"Ka sani?"

"Ban sani ba, Umai. Tsoro dai na ji."

"Da ka caka."

"Da na caka," ya ce. Ya durƙusa a bakin ramin ya rufe fuska, babban mutum mai 'ya'ya, yana kuka kafaɗunsa suna rawa. Bai ce ke kika hana ba, ita ma ba ta buƙaci a gaya mata ba. Wannan shirun ya fi mata ciwo fiye da a ce ya zage ta.

Bue Sangen ya matso, ya yi magana a hankali. "Indu Dehen, abin da ƙasa ta bari shi muke ɗauka. Wanda kogi ya tafi da shi ma ana yi masa tiwah, kuma yana isa. Hanya a buɗe take ga mijinki, ba abin da ya tare ta."

"Na san a buɗe take, Bue. Ni shi nake so in gani."

Ta kwance sabon ɗankwalinta ta shimfiɗa, ta riƙa tsintar farar tokar da yatsu tana zubawa. Ba ta san wacce ce tasa ba, wacce ce ta akwati, wacce ce ta daji. Ta dai bi inda take jin nan ne kai, nan ne ƙirji, nan ne ƙafa. Lihan ya sauko ya taya ta, hawaye yana bin gemunsa. Da suka gama ta ƙulle bakin ɗankwalin. Ƙullin bai kai girman kwakwa ba. Dehen ya buɗe mata akwatin, ta kalli faɗinsa, ta girgiza kai, ta rungume ƙullin a ƙirjinta.

A hanyar dawowa suka ja jirgi cikin taɓo har inda ruwa ya fara, sannan suka shiga. Hagu da dama kututture ne baƙaƙe. Sai da suka kusa kogi, inda ƙasar Lihan ta yi iyaka da tasu, kore ya bayyana, 'yan itatuwan da aka dasa sun kai ƙugu, wani tsuntsu yana kamun kifi a bayan datsi. A bakin rafin ga turakun Dehen a jibge.

"Ku toshe," ta ce.

"Umai, ba yau ba."

"Yau ko gobe, duk ɗaya. Ba ni da kowa a can." Sannan ta ƙara, "Ka koma da bututunka ka kashe wutar, kada ta shiga ƙasar mutane."

Sun tarar da gari ya cika. A ƙarƙashin babbar rumfa kowane gida ya shimfiɗa tabarma, an ajiye masa tasar ruwa da kwalbar man kwakwa. Ana kaɗa kuge, ana kuka, ana dariya, duk a haɗe. Maƙwabciyarta tana goge ƙoƙon kan uwarta da tsumma tana cewa, "Umai, kin ga jikarki? Ta yi aure, mijin ba laifi, sai ci." Can wani dattijo ya ɗaga ƙashin cinyar ƙaninsa yana gwadawa da tasa, yana rantsuwa har yanzu ya fi shi tsawo. Ko'ina ƙasusuwa ne jere a kan fararen ƙyallaye, suna ƙyalli da mai, 'yan uwa suna shafa su suna kiran sunayensu.

Indu Dehen ta zauna a tabarmar gidansu, ƙullin yana cinyarta. Waɗanda suka ji labari suka riƙa sunkuyar da kai in sun zo wucewa. Ga tasarta cike da ruwa, ga man da ta soya da kanta ta tace har ya yi garau. Ta san in ta kwance ƙullin nan ta sa a ruwa, shi ke nan, ba abin da za ta tsamo. Ta daɗe tana kallon matan da ke wanke nasu, kishi da baƙin ciki suna cin ranta, ita da ba ta taɓa yi wa kowa hassadar komai ba.

Can ta dubi hannuwanta. Toka ta shige ƙarƙashin farce, ta kwanta a duk tsagar tafi, ta yi fari a bayan yatsu har wuyan hannu. Ta miƙa wa Dehen ƙullin. Ta tsoma hannuwan a tasar, ta wanke su a hankali, yatsa bayan yatsa, tana magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai wanda take yi wa. Ruwan ya yi fari-fari.

Da aka gama, mata suka tashi suna kai tasoshinsu bayan rumfa suna zubarwa. Ita ma ta ɗauki tata ta miƙe, ta yi taku kaɗan, ta tsaya. Ta dubi bayan rumfa, ta dubi kogi, ta dubi ƙasar da ke gabanta. Mutane suna ta wucewa ta gefenta, tana tsaye riƙe da tasar da hannu biyu, ta rasa inda za ta zubar da ruwan.